Mage Biyu da Notis na Wata Shida: Yadda Wani Iyali Ya Nemi Gidan Haya a Legas

Iyalin da wannan nazari ya shafa mutum biyar ne, magidanci da matarsa da yara uku, sai mage guda da ɗanta muzuru. Magidancin asalinsa Bakatsine ne, amma a Legas ya tashi, kuma shi ke riƙe da littafin lissafi a wani shagon wake da gero a kasuwar Iddo. Matar tana ɗinki a gida. Sun daɗe a Idi-Araba, yankin Mushin, a wani tsohon gida da ke kusa da asibitin koyarwa na LUTH, ciki biyu da falo, suna biyan naira 600,000 a shekara. Mai gidan ya rasu, magada suka kasa daidaitawa a kan rabon kuɗin haya, daga ƙarshe suka sayar wa wani mai gina benaye. A ƙarshen 2024 takarda ta iso musu, notis na wata shida.

Babu zalunci a notis ɗin. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda aka sa wa hannu zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta ce idan babu wata yarjejeniya da ta faɗi akasin haka, mai biyan wata-wata a ba shi wata ɗaya, mai biyan shekara-shekara kuma wata shida. Sun samu haƙƙinsu cif. Abin da ya rage shi ne su nemi inda za su sa kai, kuma duk abin da suka iya tattarawa, da adashin matar da rancen da uban gidansa na kasuwa ya ba shi, bai wuce naira miliyan 1.4 ba.

Wanda bai san Legas ba zai ce ai kuɗin ya isa. Amma a garin nan kuɗin haya daban, kuɗin shiga gida daban. Bayan hayar shekara guda akwai kuɗin ejan, wato dillalin gida, kashi 10 cikin ɗari, akwai kuɗin agrimen na lauya, shi ma galibi kashi 10, sannan kuɗin koshan, wato ajiyar da mai gida ke riƙewa don gyaran abin da ɗan haya ya ɓata. Gidan da aka ce miliyan 1.2 ne, kafin makulli ya shigo hannunka ka haura miliyan ɗaya da rabi. Dokar 2011 ta hana karɓar hayar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata uku, ban da unguwanni huɗu da ta cire daga hurumin ta: Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Gwamnatin jihar kuma ta sha nanata cewa kuɗin ejan kada ya wuce kashi 10. Amma a bakin allon ejan wannan doka kyanwar Lami ce. Idan ka ce ba ka biyan shekara biyu, akwai mutum uku a bayanka da za su biya. Cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira sun tayar da farashin siminti da rodi, masu gidaje kuma suka juye nauyin a kan 'yan haya.

Da aka yi lissafi, iyalin suka ga gidan da za su iya kama wa kada hayarsa ta wuce miliyan ɗaya da ɗan kai. A haka ma za su sha wuya. Sai ga magen nan biyu.

Me ya sa ba a rabu da su ba

Shawarar farko daga ƙanen matar ta fito, kuma ba mugunta ce ta sa ya faɗe ta ba. Cewa ya yi: "Yaya, mutane ma ba su samu wurin kwana ba, kai kana zancen mage? A sa su a buhu a kai su kasuwa, inda ake yanka kifi ba za su kwana da yunwa ba."

Magidancin bai yarda ba. Uwar magen ta mahaifiyarsa ce, wadda ta ƙarasa rayuwarta a hannunsu a wannan gidan, kuma babbar 'yarsa mai shekara 11 ce ta gaji kula da ita. Ya kuma kawo hadisin nan da kowane ɗan Islamiyya ya sani, na matar da aka azabtar saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nema ba. Ƙanen ya ce ai shi saki ya ce a yi, ba kullewa ba. Yayan ya ce magen da ta tashi a ɗaki, sakin ta a kasuwar Mushin da kulle ta duk ɗaya ne. A nan maganar ta tsaya. Ni dai ina ganin yana da gaskiya, ko da yake gaskiyar ta ci masa wata huɗu na yawo da kuɗin mota.

Ƙofofin da aka rufe

Yarinyar ce ta fara dubawa a wayar uwarta. A shafukan tallan gidaje na intanet akwai waɗanda aka rubuta ƙarara cewa ana karɓar mai dabba, amma kusan duka a Lekki, Ikoyi da makamantansu suke, gidajen da kuɗin hidimar janareta da masu gadi kaɗai ya fi hayar iyalin ta shekara. A matakin talaka ba wanda ke rubuta wannan. Allon ejan a bakin titi ɗaki da farashi kawai yake faɗa. Sauran sharuɗɗan sai ka je: wace ƙabila ce, wane aiki kake yi, kana da aure, yara nawa, wa zai tsaya maka. Ɗan Arewa ya saba da waɗannan tambayoyi tun kafin a zo kan dabba.

Gidan da ya fi kwanta musu a rai yana wajen Itire, ba nisa da tsohuwar unguwarsu, yara ma ba sai sun sauya makaranta ba. Ejan ɗin ya karɓi naira 5,000 kuɗin dubawa, ya zagaya da su, ruwa na zuwa, mita ta kati ce. Magidancin ya ce masa yana da mage biyu. Ejan ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ba wahala. Mage kuma wani abu ne? Kai dai turo kuɗi yau kafin wani ya riga ka."

Bai tura ba. Ya ce sai ya ga agrimen tukuna. Aka yi ta ja masa rai, sannan aka turo hoton takardar ta WhatsApp, shafi huɗu. Aikinsa ke nan, bin layi ɗaya bayan ɗaya, don haka ya zauna bayan sallar isha'i ya karanta. A shafi na uku, tsakanin sharaɗin rufe get ƙarfe 11 na dare da na hana daka a turmi a saman bene, ga layi guda: ɗan haya ba zai ajiye kowace irin dabba ko tsuntsu a gidan ba. Ya kira ejan. Ejan ya ce, "Wannan don masu kare aka rubuta, kowane lauya haka yake kwafowa. Ka shigo da su da daddare, wa zai sani?" Magidancin ya ce to a soke layin, ko a haɗa shi da mai gidan. Daga ranar wayar ejan ta daina shiga.

Wannan shi ne wurin da yawancin mutane ke faɗawa, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ejan kuɗinsa na fitowa ne ranar da ka biya. Abin da zai faru bayan wata uku ba ruwansa, ba shi zai zauna da kai ba, sa hannunsa ma ba ya cikin takardar. Dokar haya ta Legas ba ta ce komai a kan dabbobin gida ba, ba ta hana ba, ba ta kuma ba ɗan haya 'yancin ajiyewa ba. Abin da aka rubuta a agrimen shi ne hukunci. Cikin dalilan da kotu za ta iya mayar wa mai gida gidansa kuwa akwai karya sharaɗin yarjejeniya, akwai kuma zama fitina ga maƙwabta. Gaskiya ne mai gida ba shi da ikon watso maka kaya waje ko cire rufi da kansa, dokar ta sa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin wata shida a kan haka. Amma wanda ya ɓoye mage ya riga ya miƙa masa sandar dukansa. Ko bai kai ka kotu ba, zai ƙi sabunta maka haya, ya riƙe koshan, ka sake biyan sabon ejan da sabon agrimen bayan wata 12. Mage kuma ba ta ɓoyuwa. Tana hawa taga, tana kuka idan lokacin barbararta ya zo, kuma a gidan Legas bango ɗaya ne tsakaninka da kunnen maƙwabci.

A wasu gidaje biyu ya samu ganin masu gidan ido da ido, kuma a nan ya fahimci cewa ƙin magen ba na tsabta ba ne kawai. Wata dattijuwa a wajen Oshodi, da ta ji kalmar mage, sai ta kaɗa yatsu a kan kanta ta ce ba a gidanta ba. A ƙasar Yarbawa akwai masu danganta mage da maita, musamman baƙa, ko wadda ke kuka da dare. Ba kowa ba ne, kuma bai kamata mu yi musu dariya ba, don mu ma a gida akwai wanda in ya ga baƙar mage da magariba sai ya yi a'uziyya ya ce ba ita kaɗai ba ce. Bambancin shi ne Bahaushe ya tashi yana ganin mage a zaure da madafa, ya kuma ji a karatun Muwaɗɗa cewa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninmu. Abin da yake ganin ba komai ba ne, a wurin wani mai gidan babban lamari ne, kuma ba a sauya wa mutum abin da ya yi imani da shi a tsaye a bakin get.

Sai ya ce bari ya koma cikin 'yan uwa. Ya nufi Agege, inda Hausawa suka kafa zango tun zamanin fataucin goro da shanu. Dama hankalinsa ya fi kwanciya da unguwar da akwai namu, don yana yaro aka yi rikicin Idi-Araba na Fabrairun 2002, bai manta ba. A Agege ba wanda ya ɗaga gira don an ce mage. Matsalar wata ce daban. Gidajen da kuɗinsa zai kai yawanci irin na ɗakuna a jere ne, ƙofa na kallon ƙofa, madafa ɗaya, banɗaki ɗaya, kuma matarsa ta ce ita da keken ɗinkinta da 'ya mace mai tasowa ba za ta koma wannan zaman ba. Da aka samu wani mai ciki biyu da falo a gidan wani Alhaji, magana ta kusa ƙarewa, sai babban ɗan Alhajin ya fito. Ashe yana kiwon tattabaru a saman rufin, akurki a jere. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Da kare ka zo da shi ma da sauƙi. Muzuru da 'yan shila ba sa zama gida ɗaya." Ba wanda zai ce bai yi gaskiya ba.

Abin da ya sauya

Wata uku sun tafi. A nan ne ya daina neman gida, ya koma neman mai gida. Ya lura cewa duk inda aka ƙi shi, ko dai bai ga mai gidan ba sam, ko kuma ya gan shi a matsayin baƙon da ejan ya jawo. Saboda haka ya daina biyan kuɗin dubawa sai an amsa masa tambaya biyu ta waya: mai gidan a ciki yake zaune, kuma za a iya yi masa maganar mage kafin a je?

Ya kuma gyara nasa ɓangaren, don ƙorafin masu gida ba duka ne camfi ba. Muzurun da ba a fiɗiye ba yana fesa fitsari a bango da labule don shata yankinsa, warin kuma ba ya fita da sabulu. Mace kuwa cikinta kimanin sati tara ne, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, mage biyu su zama goma kafin haya ta zagayo. Ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, malamin ya ce akwai saɓani a kan fiɗiye dabba, amma da yawa sun halatta idan don kauce wa cutarwa ne. Ya kai su asibitin dabbobi na gwamnatin jiha a Oko-Oba, aka yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara, aka ba shi kati. Aka fiɗiye muzurun, uwar kuma aka yi mata aikin hana haihuwa. A gida yarinyar ta riga ta saba musu da robar ba-haya mai faɗi, ana zuba yashi, ana sauyawa.

Gidan da suka samu daga ƙarshe ba ta hannun allo ya zo ba. Wata Alhaja Bayarbiya da ke sarin wake a shagonsu na Iddo, tana da shagon kayan abinci a Iju-Ishaga, ita ce ta ji yana waya da wani ejan ransa a ɓace. Shekara da shekaru shi ke rubuta mata rasit, bai taɓa cin ta ko mudu ɗaya ba. Ta ce tana da ciki biyu da falo a bayan gidanta, ɗan hayan ya tashi. Ya ce mata, "Mama, kafin mu je ko'ina, ina da mage biyu." Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko suna kama ɓera. Sito ɗinta na cikin gidan, ɓeraye sun hana buhunan garinta sakat.

A nan ma bai yi mata ƙarya ba. Ya ce uwar ta tsufa, ɗan kuma bai taɓa farautar abin da ya wuce ƙadangare ba. Ta yi dariya ta ce ko warinsu ya isa.

Lissafin ya tsaya haka: haya naira 900,000, kuɗin agrimen 90,000, sai wani 90,000 na ɗanta da ke kula da gidan, wanda ya tsaya a matsayin ejan ko da yake ba abin da ya nemo. Wannan ya yi wa magidancin ciwo, amma ya haɗiye. Koshan da ta saba karɓa 100,000 ne, ta mayar da shi 150,000 saboda magen. Jimilla naira 1,230,000. Abin da ya rage ya tafi a motar kwasar kaya da sa ragar ƙarfe a tagogi.

Abin da ya nace a kai shi ne rubutu. Alhaja ta ce ai maganarta ta isa, kuma ya yarda ta isa, amma ya tuna mata da ladabi cewa gidan da ya baro ma mai shi mutumin kirki ne, magada ne suka zo daga baya. Lauyan ya cire layin hana dabbobi, ya sa wani a madadinsa: an yarda ɗan haya ya ajiye mage biyu, ba ƙari, za su zauna cikin ɗakinsa, zai riƙa sabunta allurarsu, duk ɓarnar da suka yi a ƙofa ko raga ko fenti daga koshan za a cire. Ranar shiga ya ɗauki hoton kowane bango da ƙofa a wayarsa, ya tura wa ɗan Alhaja, don kada gobe a ɗora wa farcen mage tsagar da ta girme ta. Ya karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da adadin kuɗi da tsawon hayar, wanda dokar ta wajabta wa mai gida bayarwa.

Abin da aka biya ba da kuɗi ba

Nisa ne babban farashin. Daga Idi-Araba zuwa Iddo tafiya ce ta danfo, wato bas ɗin haya, ɗaya ko biyu. Iju kuwa can bakin iyakar jihar Ogun take. Abin da ya sa lissafin ya yiwu shi ne jirgin ƙasan Red Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Daga Oyingbo zuwa Iddo ba nisa. Ran da ya samu jirgin safe, lafiya lau. Ran da ya kuskure masa, sai ya shiga cunkoson Agege da Oshodi, ya isa shago rana ta take. Matar ta rasa rabin masu kawo mata ɗinki, don ba mai ɗauko atamfa daga Mushin zuwa Iju saboda ɗinkin riga da zane. Yara sun sauya boko, Islamiyya kuma sai da aka yi ta tambaya kafin a samu wadda ake karantarwa da Hausa, ita ma sai an hau keke.

Sai matsalar da ba wanda ya hango. Gidan da ke da sito gida ne da ake zuba shinkafar ɓera. Yaran shagon Alhaja sun saba barbaɗa ta a lungu-lungu, ga kuma allon gam da ake ɗanawa. Magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya tafiya. Wata safiya yarinyar ta tsinci muzurun a bakin ƙofa yana wasa da wata gafiya da ke tangaɗi, ta ƙwace shi da kuka. Bai ci ba, Allah ya kiyaye. Magidancin ya je wurin Alhaja, ba da faɗa ba, ya roƙa a riƙa sa maganin cikin sito kawai a rufe ƙofa, shi kuma zai sayo tarkon ƙarfe na tsakar gida da kuɗinsa. Ta yarda. Sai abin ya juye: ita da ta karɓe su don ɓera, yanzu ita ke cewa a kulle su a ɗaki kada a jawo mata magana.

Akwai kuma maƙwabciya guda a gidan da har yau ba ta shanya kaya a igiyar da ke kusa da tagarsu, in ta hango magen a bayan raga sai ta kawar da kai. Ba ta kai ƙara ba, su ma ba su tanka ba. Matar magidancin ta ɗinka wa 'yarta kayan makaranta ba ta karɓi ko sisi ba, gaisuwa ta ɗan ƙaru, igiyar dai tana nan ba kowa.

Da shekara ta kusa zagayowa, ɗan Alhaja ya sanar da su cewa za a yi ƙarin haya, kuma lauya zai kawo sabuwar takarda. Magidancin bai yi gardamar ƙarin ba tukuna. Abin da ya fara nema shi ne a turo masa takardar kafin ranar sa hannu, don lauyoyi daga tsohon kwafi suke bugowa, kuma a tsohon kwafin layin hana dabbobi yana nan. Aka turo, ya duba, ya same shi a shafi na biyu. Ya kira ɗan Alhaja, aka mayar wa lauyan ya gyara.